Hanta na sake cikowa, me ya hana zuciya?

Tambaya: "Malam, ni ɗaliba ce a fannin likitanci, ina aji uku. Wata biyu da suka wuce mahaifina ya samu bugun zuciya, likita kuma ya gaya mana cewa ɓangaren tsokar da ya mutu ba zai dawo ba. Amma a aji an koya mana cewa ko an yanke fiye da rabin hanta tana sake cikowa. Na kuma karanta cewa an cire wa ɓeraye wani abu mai suna p21, sai hujin da aka yi musu a kunne ya toshe ba tabo. To me ya hana a yi wa mutum haka?"

'Yata, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Likitan gaskiya ya gaya muku, kuma gara da bai ɓoye ba. Tambayarki ita ce ta hana manyan ɗakunan bincike barci shekara da shekaru, don haka zauna mu bi ta a hankali.

Amsar a taƙaice ita ce: duk kayan aikin da ƙwayar hanta take rabuwa da su, ƙwayar zuciya ma tana da su. Kulle su aka yi. Makullan nan kuwa su ne dai waɗanda suke tsare mu daga ciwon daji. Shi ya sa buɗe su ba wuya a ɗakin gwaji, amma buɗe su a jikin mutum ba tare da an jawo masa wata masifar ba shi ne aikin da har yau ba a gama ba.

Kafin mu yi nisa mu daidaita kalmomi, domin a Hausa "ƙwaya" tana ɗaukar kaya da yawa. In na ce ƙwaya, ina nufin ƙwayar halitta, ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jiki da shi. Abin da ake kira ƙwayoyin gado kuwa zan kira shi umarnin gado, wato guntun rubutu a cikin DNA wanda ke cewa a ƙera furotin kaza. p21, p53, Rb duk sunayen irin wannan umarni ne da furotin ɗin da suke samarwa.

Kin tuna ranar da aka ba ku saiwar albasa a ɗakin gwaji? Ni har yanzu ita nake fara nuna wa ɗalibai. A yanki bakin saiwar, a jiƙa da rini, a danne da gilashi, a sa a madubin ƙara girma. Yawancin ƙwayoyin za ki gan su zaune lafiya, cibiyarsu dunƙule. Can sai idonki ya faɗa kan guda ɗaya da zarurrukan gadonta suka jeru a tsakiya kamar sahun salla, wata kuma an riga an ja su gida biyu, ana gina bango a tsakani. Wannan da kike gani shi ne zangon ƙarshe, wanda ake kira M, kuma shi ne mafi gajarta. Kafin a kai nan ƙwaya ta bi zango uku. A G1 tana girma tana auna yanayi. A S tana kwafe DNA ɗinta kaf. A G2 tana duba kwafin ko akwai kuskure. Wadda ta fita daga zagayen ta huta, ita ce ake cewa tana G0.

Abin da ke tura ƙwaya daga zango zuwa zango wasu furotin ne iri biyu da ba sa aiki sai sun haɗu: CDK da saikilin. CDK inji ne da ke nan kullum amma a kashe, saikilin ne ke kunna shi, kuma yawan saikilin yana hawa yana sauka gwargwadon zango. Leland Hartwell ya gano umarnan wannan zagaye a jikin yis. Paul Nurse ya gano cdc2 a wani yis ɗin, sannan a 1987 ya nuna cewa mutum ma yana da irinsa, wanda yanzu muke kira CDK1. Tim Hunt kuma ya ci karo da saikilin a 1982 cikin ƙwayayen wata halittar teku mai ƙayoyi kamar bushiya. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2001. Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin Nurse shi ne, an ɗauki umarnin mutum an sa wa yis ɗin da nasa ya lalace, ya ci gaba da rabuwa kamar ba abin da ya faru. Injin ɗaya ne tun daga yis har ɗan Adam.

Babbar ƙofa tana ƙarshen G1, mai gadinta kuma Rb. Rb yana riƙe da wani furotin mai suna E2F ya hana shi motsi, alhali E2F ne ke buɗe umarnan kwafar DNA. In saƙon girma ya zo daga waje, sai saikilin D ya ƙaru, ya kama CDK4 ko CDK6, su liƙa wa Rb sinadarin fosfet, hannunsa ya saki E2F. Daga nan saikilin E da CDK2 su ƙarasa aikin, ƙwaya ta tsallake, ba komawa. Wannan shi ne totur. Birki kuma gida biyu ne. Gidan su p16 suna danne CDK4 da CDK6. Gidan su p21, p27 da p57 suna danne CDK2 da 'yan'uwansa. A samansu akwai p53, wanda in ya ji DNA ta samu rauni sai ya tayar da p21 a tsaya a gyara, in abin ya fi ƙarfin gyara ya umarci ƙwayar ta kashe kanta. Kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam ana samun p53 a lalace a cikinsu. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gaɓoɓin jiki ba ɗaya suke ba wajen amfani da wannan inji. Fatar cikin hanji tana sabunta kanta cikin kwana 3 zuwa 5. Ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 a kowane daƙiƙa, domin kowacce kwana 120 kawai take yi. Waɗannan suna da iyayen ƙwayoyi da ke ta haihuwa dare da rana. Ƙwayoyin tsokar zuciya da na ƙwaƙwalwa suna ɗaya ƙarshen, sun fita daga zagayen tun muna jarirai. Hanta ce a tsakiya, kuma ita ce ta fi koyar da mu.

A 1931 wasu masu bincike biyu a asibitin Mayo na Amurka, Higgins da Anderson, suka yanke kashi biyu bisa uku na hantar manyan ɓerayen gwaji. Cikin kamar mako guda zuwa kwana goma nauyin hantar ya dawo. Ki lura da kyau, domin nan ɗalibai ke zamewa a jarrabawa: ɓangarorin da aka yanke ba su sake tsirowa ba. Waɗanda suka rage ne suka ƙara girma har suka cike gurbin. Kuma ba wasu iyayen ƙwayoyi na musamman ne suka yi yawancin aikin ba, manyan ƙwayoyin hanta ne da kansu, waɗanda a kwanakin lafiya da wuya ki ga ɗaya tana rabuwa. Mintoci kaɗan bayan yankan, saƙonnin kumburi irin su TNF da IL-6 suke tashe su daga G0. Sai saƙonnin girma, musamman HGF da dangin EGF, su ɗaga saikilin D1, a saki Rb, su tsallake ƙofa. A babban ɓera kwafar DNA tana kai ƙololuwa wajen awa 24 bayan tiyata, a ƙaramin ɓera kuma ta ɗan fi haka jinkiri. Lissafin ma mai sauƙi ne: in kashi ɗaya bisa uku ya rage, kowace ƙwaya ta rabu sau ɗaya ko biyu an gama. Da wannan baiwar ake iya yankar wani ɓangare na hantar mai rai a dasa wa ɗan'uwansa, su duka biyun hantarsu ta ciko.

Mutane suna mamakin yadda hanta ke fara girma. Ni tsayawarta ce ta fi burge ni. Da ta kai nauyin da ya dace da jikin, sai ta ja birki da kanta. Saƙon tsayawa mai suna TGF-beta ya shigo, p21 ya ƙaru, wata hanyar auna girman gaɓa da ake kira Hippo ta danne furotin YAP mai tura ƙwaya ta rabu, kowa ya koma G0. Birkin hanta lafiyarsa ƙalau, sakinsa aka yi na 'yan kwanaki aka sake takawa.

In kina son ganin abin da ke faruwa sa'ad da aka hana hanta wannan hutu, ba sai kin je Amurka ba, ki shiga ɗakin masu ciwon hanta a asibitin koyarwarku. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B shekara ashirin, talatin, ƙwayoyinsa suna mutuwa ana maye su ba ƙaƙƙautawa. A ƙarshe da yawa sun gaji, p21 ya cika su, sun daina rabuwa, tabo ya mamaye wurin, hanta ta ƙanƙance ta yi ƙurji-ƙurji. Waɗanda suka ci gaba da rabuwa a cikin wannan hali sau da yawa su ne waɗanda birkinsu ya tsinke. Ga kuma gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suka yi fumfuna, suna ɗauke da gubar afulatoksin. A 1991 aka nuna, daga marasa lafiya na kudancin Afirka da na Qidong a ƙasar Sin, cewa wannan guba tana da wurin da take sara a jikin umarnin p53, a gurbi na 249, kuma an sake ganin wannan tambari a Gambiya. Ciwon hanta B yana tilasta rabuwa, guba tana karya birki. Shi ya sa muke binne magidanta 'yan shekara 35 da 40 da dajin hanta a yankinmu. Duk wanda zai yi maganar kashe p53 ko p21 don warkar da rauni, ya fara tsayawa a bakin gadon irin wannan majinyaci.

Yanzu zuciyar Baba. Jijiyar da ke ciyar da wani yanki na tsoka ta toshe, ƙwayoyin yankin suka rasa iska, suka mutu. A babban bugu ana iya rasa ƙwayoyi har kusan biliyan ɗaya. Jiki ba ya barin wurin a buɗe, don bangon zuciya zai iya fashewa, sai ya yi faci da zaren kolajin. In aka rina yankin irin wannan zuciya da rinin nan mai launi uku da ake nuna muku a ajin nazarin cututtuka, tsoka mai rai tana fitowa ja, facin kuma shuɗi, shimfiɗe kamar tsumma a tsakiyar nama. Facin yana riƙe bango, amma ba ya matsawa, ba ya tura jini.

Ba kowace zuciya ce haka ba. A 2002 Kenneth Poss da Mark Keating suka yanke kusan kashi 20 cikin 100 na zuciyar wani ɗan kifi mai zane-zane, kifin zebra, cikin wata biyu ta dawo da tsoka sabuwa. Aka ce ai kifi ne. Sai a 2011, a Dallas ta jihar Texas, Enzo Porrello tare da Hesham Sadek da Eric Olson suka yanke ƙarshen zuciyar ɓera ɗan kwana ɗaya da haihuwa. Bayan mako uku zuciyar ta cike, kusan ba tabo, kuma sababbin ƙwayoyin daga tsofaffin ƙwayoyin tsoka suka fito. Da suka yi wa ɗan kwana 7 irin wannan yanka, tabo ya yi kamar na babba. Kwana shida kacal tsakanin mai iyawa da marar iyawa, a dabba ɗaya mai umarnin gado ɗaya. Wannan gwaji ne ya sa na ce miki kayan aikin suna nan.

Me ke faruwa a cikin wannan mako? Abubuwa da dama a tare. Saikilin da CDK suna raguwa, su p21 da p27 suna ƙaruwa. A 2013 ɗakin binciken Sadek ya nuna cewa wani furotin mai suna Meis1 yana kunna p15, p16 da p21 a ƙwayoyin zuciya, kuma in aka cire shi lokacin rabuwarsu yana tsawaita. A 2014 suka kawo wani dalili da nake ganin ya fi zurfi. Ɗan tayi a ciki yana rayuwa cikin ƙarancin oksijin, yana ƙona sukari. Da an haife shi ya shaƙi iska, zuciya ta koma ƙona kitse da oksijin mai yawa don ta samu ƙarfin bugawa. Wannan ƙonawa tana fitar da tartsatsin sinadarai masu yi wa DNA rauni, raunin ya tayar da masu gadi, masu gadi su ja birki. Wato zuciya ta sayi ƙarfi da kuɗin rabuwa. Sannan akwai matsalar gini. Babbar ƙwayar zuciya cike take da jerin zarurrukan matsawa daga bango zuwa bango, kuma sai ta warware su kafin ta rabu biyu. Yaya ma'aikacin da ba ya samun hutun daƙiƙa ɗaya zai kwance injinsa? A ɓera yawancin ƙwayoyin sukan yi yunƙuri na ƙarshe a makon farko, su kwafi DNA, cibiya ta rabu, amma jikin ƙwayar bai rabu ba, sai ta zauna da cibiya biyu. A mutum an fi samun cibiya ɗaya mai ɗauke da ninkin DNA.

Duk da haka ƙofar ba a rufe take ruf ba. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi a sararin sama kafin yarjejeniyar 1963 sun ƙara yawan sinadarin kabon-14 a iska, daga baya ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Kowace ƙwaya tana ɗauke da ma'aunin kabon-14 na shekarar da aka ƙera DNA ɗinta, kamar takardar haihuwa. Olaf Bergmann da Jonas Frisén na cibiyar Karolinska a Suwidin suka yi amfani da wannan, suka bayyana a 2009 cewa zuciyar ɗan shekara 25 tana sabunta kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokarta a shekara, ta ɗan shekara 75 kuma ƙasa da rabin haka. A tsawon rai ba a sauya ko rabinsu. Wannan ba zai cike gurbin biliyan ɗaya ba, amma ya nuna akwai ɗan tsiro da za a iya yi wa ban ruwa.

Sai ɓerayenki masu hujin kunne. Labarin gaskiya ne. Ellen Heber-Katz, a lokacin tana cibiyar Wistar da ke Philadelphia, tana aiki ne kan cututtukan garkuwar jiki da wani nau'in ɓera mai suna MRL. A ɗakin gwaji akan huda kunnen ɓera don a bambanta shi da 'yan'uwansa, hujin kuma yakan zauna har mutuwa. Nata sai suka ɓace. Aka sake hudawa, suka sake toshewa: huji mai faɗin milimita 2 ya rufe cikin kamar wata guda, har da sabon guringuntsi. An buga wannan a 1998. A 2010 ɗakin bincikenta ya ba da rahoton cewa ƙwayoyin wannan ɓera kusan ba sa samar da p21, kuma ɓeran da aka cire wa p21 da gangan shi ma yana toshe hujin kunnensa. Daga nan jaridun duniya suka ɗauka, kamar an gano makunnin fitila.

Ga abin da jaridun ba su tsaya a kai ba. Na farko, ƙwayoyin waɗannan ɓeraye suna ɗauke da raunin DNA fiye da na sauran, kuma da yawansu suna mutuwa. Mai yiwuwa wannan yawan mutuwar ne ke share miyagun kafin su zama daji. Ɓera kuma shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, mu muna neman saba'in da tamanin, lokacin da kuskure zai taru ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ɓerayen da ba su da p21 ma in suka tsufa suna samun ƙari fiye da sauran. Na biyu, birki yana da wani amfani bayan tsaron daji. A 2000 ɗakin binciken David Scadden a Boston ya nuna cewa in babu p21, iyayen ƙwayoyin jini na ɓargo suna fita daga hutu su yi ta rabuwa, in aka matsa musu sai su ƙare. Manomin da ya cinye irinsa da rani ya san abin da zai tarar da damina. Na uku, hujin milimita 2 ƙarami ne.

Wannan na ukun wani ɓeran Afirka ne ya fito da shi fili. Ana kiransa Acomys, ɓera mai gashin baya kamar ƙaya, mai zama cikin duwatsu. Danginsa suna nan a duwatsun Nijar da arewacin Najeriya, amma waɗanda Ashley Seifert ya yi aiki da su a Kenya aka kamo su. A 2012 ya nuna cewa fatarsu tana yagewa cikin sauƙi in maƙiyi ya cafke su, sannan ta dawo da gashinta, kuma suna toshe hujin kunne na milimita 4 da guringuntsi da fata da gashi. A 2016 ɗakin bincikensa ya gwada su da ɓerayen gida, har da MRL, da wannan babban huji. Acomys ya rufe, MRL bai rufe ba. Da aka duba bakin raunin, ƙwayoyin ɓeran gida sun fara shiga zagaye, sai p21 da p27 suka taru a cibiyarsu suka tsayar da su, na Acomys kuwa suka wuce suka ci gaba da rabuwa. Acomys yana da waɗannan umarnai, bai rasa su ba. Abin da ya iya shi ne hana su shiga cibiya a wurin rauni, a lokacin rauni. Ina fata wata rana ɗaya daga cikinku za ta yi wannan bincike a nan gida, dabbar tana bayan garinmu.

Darasin salamanda ma haka yake. Wannan halitta mai kama da ƙadangaren ruwa tana mayar da ƙafa sukutum in an yanke. A 1997 Elly Tanaka da Jeremy Brockes a Landan suka nuna cewa ƙwayoyin tsokarta da suka riga suka manyanta suna iya kashe Rb su koma kwafar DNA. A dabbobi masu shayarwa kashe Rb kaɗai bai isa ba, domin muna da mai gadi na biyu, ARF, wanda da ya ga an saki E2F ba bisa ƙa'ida ba sai ya kira p53. A 2010 ɗakin binciken Helen Blau a Stanford ya danne Rb da ARF tare, na ɗan lokaci, a ƙwayoyin tsokar ɓera. Suka koma baya suka rabu, da aka bar masu gadin suka dawo, sai suka sake zama tsoka. Waɗanda aka kashe wa masu gadin dindindin ba su yi tsoka mai kyau ba. Kalmar da za ki ja wa layi a nan ita ce "na ɗan lokaci".

An gwada wannan a zuciya? Ƙwarai. An ƙara wa zuciyar ɓera saikilin D2, an ƙara wa ta alade saikilin A2, an ga ci gaba. A 2018 Tamer Mohamed da Deepak Srivastava a San Francisco suka haɗa huɗu, CDK1, CDK4, saikilin B1 da saikilin D1, suka sa kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na manyan ƙwayoyin zuciyar da suka karɓi haɗin suka rabu, aikin zuciyar ɓerayen kuma ya inganta bayan bugu. Amma gwajin da nake so kowane ɗalibin likita ya sani shi ne na Mauro Giacca da abokan aikinsa a Italiya, 2019. Sun sa wa aladun da aka jawo wa bugun zuciya wani ɗan guntun RNA, ɗan'uwan DNA mai kai saƙo cikin ƙwaya, mai suna miR-199a, wanda ke tura ƙwayoyin zuciya su rabu. Bayan wata guda tabo ya ragu, tsoka ta ƙaru, bugawa ta yi ƙarfi. Sai dai hanyar da aka bi aka shigar da shi ba ta da yadda za a tsayar da shi, ya ci gaba da aiki. Makonni kaɗan bayan haka yawancin aladun suka faɗi matattu saboda rikicewar tsarin bugawar zuciya. Ƙwayoyin da ke ta rabuwa ba su manyanta ba, ba su shiga sahun wutar lantarkin zuciya ba. Ko ba a kai ga daji ba, ƙwayar da ba ta san lokacin tsayawa ba tana iya kisa. Shi ya sa hankalin masu bincike yanzu ya koma kan hanyoyin da saƙon zai yi 'yan kwanaki ya ɓace da kansa.

A cikin kunne an ga irin wannan. Ƙwayoyin ji na can ciki, waɗanda sanƙarau ko wasu allurai irin su jentamaisin ke kashewa yaro ya kurumce, p27 ne ke kulle su da maƙwabtansu tun kafin haihuwa. Tsuntsu yana mayar da nasa, mu ba ma mayarwa. A 1999 aka duba ɓerayen da ba su da p27: ƙwayoyin sun yi yawa, amma jerinsu ya hargitse, jinsu kuma ya lalace. Yawan bulo ba shi ne gini ba, sai an jera shi, an ja masa jijiyoyin jini da na saƙo, an kuma hana masu yin tabo riga kowa isa wurin. Tsufa ma ta nan yake shigowa: p16 yana ƙaruwa da shekaru, kuma a 2006 aka nuna a ɓargo, da ƙwaƙwalwa, da ƙwayoyin da ke samar da insulin cewa wannan ƙaruwa na daga cikin abin da ke rage wa tsohon ɓera ƙarfin sabuntawa.

Tunda karatu kike yi, ga abin da za ki riƙa tambaya duk sa'ad da kika ga an ce an sa zuciya ta sake tsirowa. Shin ƙwayar ta rabu biyu da gaske, ko DNA kawai ta kwafa? Alamomin da aka saba amfani da su, irin su BrdU da Ki67, suna nuna an shiga zagaye ne kawai, kuma kin ga ƙwayar zuciya ta iya shiga ta fito da cibiya biyu ba tare da an samu ƙarin ƙwaya ko ɗaya ba. Sai an nuna rabuwar jikin ƙwayar, ko an ƙirga an ga adadi ya ƙaru. Sannan a wace dabba, kuma an bi ta wata nawa bayan magani? Da an tsaya a wata ɗaya, da gwajin aladun nan ya zama labarin nasara.

Game da Baba, a yau babu wani magani da aka amince da shi a ko'ina wanda ke mayar da tsokar zuciyar da ta mutu. Ina roƙonki ki tsare shi daga masu tallan garin magani ko ƙwayoyin sha da sunan iyayen ƙwayoyin halitta, suna cewa suna sabunta gaɓoɓi. Abin da aka haɗiya ciki ne ke narkar da shi, kuma kin ga da idonki irin makullan da ke kan ƙwayar zuciya. Na ga iyalai sun zuba kuɗin maganin gaske a wannan rami, majinyaci ya ajiye na asibiti, ya dawo ƙafafu a kumbure.

Amma kada ki ɗauka ba abin yi. A gefen tabon akwai tsokar da ba ta mutu ba, ta dai galabaita saboda ƙarancin jini, kuma irin wannan tana iya farfaɗowa cikin makonni ko watanni in jini ya wadace ta. Sauran zuciyar kuma tana fuskantar haɗarin buɗewa da yin laushi saboda ƙarin nauyin da ya hau kanta, kuma magungunan da aka ba shi, masu rage gudun zuciya, masu sassauta jijiyoyi, masu hana jini daskarewa da masu rage kitse, wannan haɗari da na sake samun wani bugun suke karewa, an kuma tabbatar suna tsawaita rai. Ki zama ke ce mai lura da shansu a gida, ko ya ce ya ji sauƙi. A kula da hawan jini da sukari, a rage gishiri da dunƙulen miya, in yana shan taba ya bari, ya riƙa tafiya gwargwadon yadda likita ya yarda. In kun koma asibiti ki tambayi likitan adadin kason jinin da zuciyar ke turawa a kowane bugu kamar yadda hoton eko, wato hoton motsin zuciya, ya nuna, ki rubuta shi, ki kuma tambayi yaushe za a sake ɗaukar hoton don a gwada da na farko.